Gwamna Lugga

A ƙasar Ingila, tun kafin a ƙago na'urar ɗaukar hoto, manyan mutane suna da wata al'ada. In mutum babban basarake ne, sai ya kira gwanin zane ya zauna a gabansa, a zana kamanninsa a kan ƙyalle. Amma wannan zane guda ɗaya ne tak, a gidan mai shi ya ke rataye. In ana so jama'a su gani, sai a kai wa wani gwanin kuma, mai sassaƙa. Shi kuwa sai ya sami faifan jan ƙarfe, ya goge shi har ya yi sulɓi, ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini ya yi ta ƙwarzanar fuskar mutumin a kai, layi bayan layi, kamar yadda a ke yi wa ƙwarya ado. Inda a ke son duhu ya yi layuka kusa da kusa, inda a ke son haske ya bar wurin. In ya gama sai a shafa tawada ta shiga cikin ramukan, a share ta sama, a ɗora takarda mai danshi a danne da ƙarfi. Da an ɗaga sai ga mutum ya fito. Tilas a sassaƙa kome a juye, kamar rubutun hatimin sarki, don in an buga ya fito daidai. Faifai guda ya kan ba da hotuna ɗaruruwa. A ƙarƙashi a kan rubuta sunan mai hoton da sarautarsa, wani lokaci har da tambarin gidansu.

Yawancin waɗanda a ke gani cikin irin waɗannan tsofaffin hotuna gadon sarauta suka yi, kaka da kakanni. Wanda za ku ji labarinsa yanzu bai gada ba, sai da ya shekara 70 aka ba shi. A zamaninsa kuma hoton na'ura ya riga ya zo, saboda haka mun san kamanninsa sosai. Siriri ne, idanunsa sun faɗa ciki, yana da gashin baki mai yawa. Turawa suna ce masa Frederick Lugard, mutanenmu kuwa Lugga su ke kiransa. Cikin Turawan Ingila duka, ba wanda ya taɓa sha'anin ƙasarmu kamarsa.

An haife shi ran 22 ga Janairu, 1858, a birnin Madras ta ƙasar Hindu. Ubansa limamin soja ne na addinin Kirista, ba mai dukiya ba. Yana ƙarami uwarsa ta komo da shi Ingila, yana da shekara 7 kuma ta rasu. Da ya gama makaranta ya ɗauki jarrabawar shiga aikin mulki na ƙasar Hindu, ya faɗi. Sai ya ɗauki ta soja, ya ci da kyau. Mako 8 kaɗai ya yi a makarantar hafsoshi, aka fitar da su a 1878 don ana tsoron yaƙi ya tashi. Ya yi yaƙi a Afganistan, ya yi a Sudan a 1885, ya yi kuma a Bama.

A 1887 wani baƙin ciki ya same shi game da wata mace da ya ƙallafa wa rai. Ga shi kuma zazzaɓi ya cinye shi. Sai ya ɗauki hutu daga soja, ya shiga jirgin ruwa da 'yan kuɗi kaɗan, yana kwana a sarari tare da talakawan fasinja, ya bi ta Bahar Maliya ya nufi Afirka ta gabas. A 1888 ya shugabanci wani ɗan yaƙi da masu fataucin bayi a bakin tafkin Nyasa, cikin ƙasar da a ke kira Malawi yanzu. Can harsashi guda ya shiga hannunsa ɗaya, ya ƙwarzane ƙirjinsa, ya farfasa ɗaya hannun. Bai mutu ba.

Daga nan wani kamfanin Ingilishi ya aike shi Uganda a 1890. Ya gina sansani a kan wani tudu mai suna Kampala, wanda yau sunansa ne sunan babban birnin ƙasar. Ya tarar da Kiristocin wurin sun rabu biyu suna gaba da juna. A Janairu 1892 faɗa ya ɓarke, Lugga ya goyi bayan ɓangare guda, ya ba su bindigogi, ya kuma sa aka buɗe wa ɗaya ɓangaren wuta da bindiga mai ruwa. Wannan bindiga ita ce mai aman harsashi ɗaruruwa cikin minti guda. Ku riƙe sunanta, gama za ku sake jinsa.

A 1894 ya fara zuwa wajenmu. Lokacin nan akwai wani kamfani na Sir George Goldie mai ciniki a bakin kogin Kwara, yana kuwa tsere da Faransa wajen neman sarakuna su sa hannu a takardun alkawari. Aka aiki Lugga zuwa Nikki ta ƙasar Bargu. Ya yi sauri cikin damina, ya riga Faransawa isa da 'yan kwanaki. A kan hanyar komowa aka harbe shi a ka da kibiya mai dafi, nan ma ya tsira. A 1897 gwamnatin Ingila ta ba shi aikin kafa rundunar soja ta Afirka ta yamma. Hafsoshin Turawa ne, amma sojan kansu baƙaƙe ne, da yawansu Hausawa, da kuma Yarabawa.

Ran 1 ga Janairu, 1900, a Lakwaja, aka saukar da tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, aka karanta takarda cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Sarauniya, Lugga ne babban wakilinta. A takarda ke nan. Amma a Sakkwato da Kano da Katsina da nan Zamfara ba abin da ya sake. Sarkin Musulmi yana kan gadonsa, alƙalai suna shari'a, ba wanda ya nemi yardarsu kafin a yi wannan magana.

To, sai Lugga ya shiga cin ƙasa da kaɗan kaɗan. A 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola, a 1902 aka shiga Bauci da Barno da Zazzau. Hujjar da ya fi bayarwa ita ce hana harin bayi. Harin bayi kuwa gaskiya ne ana yi, mugun abu ne kuma. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya watsa garuruwa masu yawa saboda shi. Amma ba shi ne dalili kaɗai ba. Ingila tana son ƙasa da ciniki, tana kuma tsoron kada Faransa da Jamus su riga ta.

A Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girma. Cikin watan nan kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. Lugga ya ga lokaci ya yi. Manyansa na London ba su so a yi gaggawa ba, har sun yi fushi da suka fara jin labarin shirin yaƙin a jarida, amma bai tsaya ba. Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja 700 da ɗoriya, da igwa da bindiga mai ruwa, ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Sarki ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa don ya yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Alu yana kan hanyar komowa, cikin ƙasar Zamfara, ya ji an ci birninsa. Da suka sauka Birnin Goga sai ya fita da dare ya bar rundunar, ya yi arewa. Daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Gari ya waye, mayaƙan Kano ba sarki. Sai suka rabu biyu. Wambai Abbas ya ga yaƙi ba zai yi amfani ba, ya ɗebi waɗanda suka yarda da shi suka bi wata hanya zuwa Kano don su miƙa wuya. Waziri Ahmadu kuwa ya ƙi, ya ci gaba da sauran.

Duk wanda ya taɓa bin hanya tsakanin Tsafe da Gusau ya ga dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. A wajen nan ne, a ƙarshen Fabrairu 1903, mutanen Waziri suka gamu da wani ƙaramin hafsa, Laftana Wright, da soja wajen 45. Sojan suka sauka daga dawakinsu, suka tsaya sahu huɗu, kowane sahu yana duban gefe guda, suka ba juna baya. Barade suka yi ta kawo sukuwa da takobi da mashi, ana zuba musu harsashi, su ja da baya su sake shiri su komo. Haka aka yi ta yi wajen sa'a 2. Waɗansu sun iso dab da bakin bindiga kafin su faɗi. Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin tare da waɗansu manyan Kano. An ba Wright lambar jaruntaka mafi girma ta Ingila. Waziri kuwa mutanen Kano suka sa masa suna Mai Shahada. Ba ƙarfin zuciya mutanensa suka rasa ba. Takobi ne ya gamu da bindiga mai cin nesa, a hannun sojan da aka horar su yi harbi tare bisa umurni guda.

Ran 15 ga Maris aka yi na Sakkwato, a filin Giginya, bayan ganuwa. Bai daɗe ba, gama igwa da bindiga mai ruwa sun watsa taron, sai 'yan kaɗan da suka tsaya wajen tuta har aka kashe su. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita, ya biyo ta Gusau, sa'an nan ya yi gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Mutane suka yi ta barin gida da gona suna binsa, dubbai, har Turawa suka tsorata. Suka bi shi har Burmi, cikin ƙasar Gwambe, aka kashe shi ran 27 ga Yuli tare da mutane ɗaruruwa. Babban hafsan Turawan, Manjo Marsh, shi ma ya mutu a wurin. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin da a ke kira da sunansa. Tutar da Turawa suka ɗauka a Burmi sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

Lugga kansa bai halarci yaƙoƙin nan ba, a baya ya ke biyowa. Ya iso Sakkwato ran 19 ga Maris, Waziri Buhari da sauran manya suka fito suka sadu da shi. Ran 21 aka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. A wajen naɗin Lugga ya bayyana ta bakin tafinta cewa mulki ya koma hannun Ingila domin ta ci da yaƙi, nan gaba Gwamna ne zai tabbatar da kowane sarki, shi ne kuma zai iya tuɓe shi. Ya hana harin bayi da sayar da su. Ya kuma yi alkawari ba za a taɓa addini ba, kowa ya yi sallarsa. Daga nan ya bi ta Katsina ya koma Kano, ya naɗa Wambai Abbas sarki.

Yanzu ga ƙasa mai faɗi a hannunsa, ga Turawa 'yan kaɗan, ga kuɗi babu. Ƙaƙa zai yi? Sai ya bar sarakuna a kan gadajensu, da hakimansu da dagatansu da alƙalansu, ya ajiye Bature guda kusa da kowane babban sarki, watau Razdan, da ƙananan Turawa masu zaga ƙasa. Talaka ba ya karɓar umurni daga bakin Bature, daga bakin sarkinsa ya ke ji. Wannan tsari shi ya zama abin da kakanninku suka sani da sunan En'e. A ƙarƙashinsa Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu da Sarkin Kwatarkwashi suka zauna a matsayin hakimai na ƙasar Sakkwato, suna tara haraji da jangali suna aikawa. Sai bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 aka ɗaga su suka zama sarakunan yanka.

Tsarin ya kawo abubuwa biyu tare. Hanyoyi sun yi lafiya, fatake suna tafiya ba tsoron mahara, mutane suka sauko daga kan duwatsu suka yi gonaki a fili. Amma kuma sarki ya daina tsoron malamai da masu zaɓen sarki, sai Razdan kaɗai ya ke tsoro. In Razdan ya yarda da shi, talakan da aka zalunta ba shi da wurin kai kuka.

Game da bauta, bai 'yanta bayi gaba ɗaya ba, don yana tsoron iyayengiji su tayar masa. Dokarsa ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Bawa babba kuwa yana iya fansar kansa a gaban alƙali. Ba a kashe bauta ɗungum a Arewa ba sai a 1936. Wajen ilmi kuma ya yi rauni ƙwarai. Saboda alkawarin addini an tsare 'yan mishan daga yawancin ƙasashen Musulmi, wannan kuwa daidai ne da abin da sarakuna ke so. Amma da ya kamata gwamnati ta buɗe nata makarantun a madadinsu, sai ba ta yi ba. Makarantar gwamnati ta farko, ta Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, sai a 1909 aka buɗe ta, bayan Lugga ya tashi. Kudu kuwa ta riga ta yi shekara 60 da wani abu tana karatun boko. Duk mai aikin ilmi a ƙasar nan ya san nauyin wannan tazara.

Abin da ya fi ɓata sunansa shi ne Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato. A Fabrairu 1906 mutanen wurin, talakawa da bayin da suka gudu, suka tayar bisa da'awar Mahadi, suka kashe Turawa 3 da soja fiye da 20, da fartanya da gatari. Sarkin Musulmi ya tsaya wajen Turawa. Lugga ya aika da runduna, ran 10 ga Maris aka kashe mutane wajen 2,000, aka rushe garin, aka hana a sake zama a wurin. Har manyansa na London abin ya dame su. Wannan ya wuce horo, kisa ne don a tsorata sauran jama'a.

Mutum ne mai aiki kamar ba ya gajiya. A Zungeru, inda ya mai da hedkwatarsa a 1902, ya kan zauna ga tebur tun safe har tsakar dare yana rubuta dokoki da umurni, ba ya son sakar wa kowa aiki. Bai iya Hausa sosai ba. A 1902 ya auri wata marubuciyar jarida, Flora Shaw, wadda a 1897 ta ba da shawara a jaridar Times a kira ƙasar nan Nijeriya, daga sunan da Turawa ke kiran kogin Kwara. Ta zo Zungeru, ƙasar ba ta karɓe ta ba, ta koma Ingila. Rabuwar nan na cikin abin da ya sa ya ajiye aiki a 1906. Daga 1907 zuwa 1912 ya yi Gwamna a Hong Kong, a gaɓar ƙasar Sin, ya kafa jami'a a can.

A 1912 aka komo da shi don ya haɗa Arewa da Kudu. Dalilin kuɗi ne. Arewa ba ta da bakin teku, kuɗin shigarta ba ya isarta, kowace shekara sai Ingila ta cika mata. Kudu kuwa tana samun kuɗin fito mai yawa a tashoshin jiragen ruwa. Ran 1 ga Janairu, 1914, aka haɗa su, Lugga ya zama Gwamna Janar. Nan ma ba a tambayi mutanen ƙasa ba, na Arewa ko na Kudu. Masu ilmin boko na Ikko ba su so shi ba, shi ma bai so su ba, jaridunsu suka yi ta sukarsa. Da ya kai tsarin haraji irin na Arewa ƙasar Yarabawa sai aka yi tawaye a ƙasar Egba a 1918, aka kashe mutane da yawa. Shi ya zaɓi Kaduna ta zama babban birnin Arewa, aka taso daga Zungeru a zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Daga baya aka sa wa zauren majalisa na Kaduna sunansa. Jirgin ƙasa kuwa da ya bi ta Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya sa Gusau ta zama babbar kasuwar gyaɗa da auduga, wannan bayan tafiyarsa ne da shekara 10.

Ya bar aiki a 1919, ya zauna a wani ƙauye mai suna Abinger, kudu da London. A 1922 ya buga littafinsa mai suna Dual Mandate, watau amana biyu. A ciki ya ce Turawa suna riƙe da Afirka ne don amfanin mutanenta da kuma amfanin sauran duniya. Ya ɗauki baƙar fata tamkar yara waɗanda za su daɗe ƙwarai kafin su iya riƙon kansu. Littafin ya zama abin karatun ƙananan Turawan mulki, shi kuwa ya shekara fiye da 10 yana wakiltar Ingila a wani kwamiti na majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, a birnin Janiba.

A 1928 Sarkin Ingila ya ba shi sarautar da su ke kira Lord, ya sami kujera a majalisar sarakunansu. Shekara guda bayan haka matarsa ta rasu. Ya bar ɗakinta yadda ta bar shi, bai yarda a kawar da kome ba, ya ci gaba da zama ga teburinsa yana rubutu. Ya mutu ran 11 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 87, saura shekara 15 Nijeriya ta sami mulkin kai. Bai bar ɗa ba, saboda haka ba wanda ya gaji sarautar.